Hukuncin Ƙasaru ga Mai Tafiya Jidda daga Kano a Jirgin Sama

Tambaya: Zan tafi umara, kuma jirgi yana kai mu Jidda daga Kano cikin kamar awa biyar, muna zaune ana kawo mana abinci. Wani ya ce mini ba ni da ƙasaru tunda ban sha wahala ba. Yaya abin yake?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, kana da ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi. Shari'a ta rataya wannan sauƙi ne a kan tafiyar kanta, domin wahala ba ta da ma'auni: abin da ya gajiyar da tsoho ba zai gajiyar da saurayi ba. Asalin hukuncin yana aya ta 101 ta Suratun Nisa'i. A Sahihu Muslim kuma, da Sayyidina Umar ya yi mamakin yin ƙasaru bayan an samu aminci, Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa sadaka ce daga Allah, ya umarci a karɓa.

Malamanmu sun ƙayyade nisan da baridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo cewa Ibnu Abbas yana ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Jidda. To tsakanin Kano da Jidda ya haura kilomita 3,000. Kakanninmu sun yi watanni, wasu shekaru, suna ratsa Chadi da Sudan kafin su ƙetare Bahar Maliya. Nisan yana nan yadda suka bar shi, saurin jirgi bai rage ko taku ɗaya ba.

Sai dai ka kiyaye waɗannan. Ba ka fara ƙasaru sai ka wuce gidajen garinku, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano gari ya kewaye shi, don haka mazaunin Kano zai cika sallarsa a can. Azahar, La'asar da Isha'i kaɗai ake mayarwa raka'a biyu. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Makka ko Madina, ƙasaru ta yanke. In ka bi limamin da yake cikawa, kai ma ka cika.

Game da lokaci, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma mai tafiya gabas yininsa yakan gajarta. Kada ka dogara da agogon hannunka. Rana ka duba daga inda kake. Mai azumi ma ba zai sha ruwa ba matuƙar yana ganinta ta tagar jirgi.

Allah ya karɓi umararka. Allah ne mafi sani.