Rigar Fam Biyar

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce: idan na sayi abu da araha, shin sa'a na taka, ko kuwa haƙƙin wani na ɗauko ban sani ba? Kada ki yi gaggawar ba ni amsa, bari in gaya miki inda tambayar ta same ni tukuna.

Ni dai haifaffiyar Dawakin Kudu ce, a nan na tashi, a nan aka ɗaura mini aure. Tun tasowata ban san sayen ɗinkakkiyar riga ba. Abin da na sani shi ne a sayo turmin atamfa a Kantin Kwari, a kai wa maɗinkiyar unguwarmu, ta auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawon hannu, ta rubuta a bayan wani tsohon littafi. In kin yi ƙiba bayan haihuwa ta buɗe miki, in kin rame ta rage. Wato riga ce take bin jikin mace, ba mace ce take bin riga ba.

A shekarar 2012 Maigida ya sami gurbin ƙaro ilimi a birnin Mancesta ta ƙasar Ingila, muka tafi tare. Na cika akwati da atamfa da leshi ina ganin na gama shiri. Ashe ban san dawan garin ba. Kafin watan Nuwamba ya kama, sanyi ya nuna mini cewa zani da gyale ba sa tare iskar ƙasar nan. Dole na shiga kanti neman sutura, ga shi kuwa ɗan abin da ake ba ɗalibi, in an fitar da kuɗin haya da na wuta da cefane, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

A nan na gamu da wahala ta farko. Rigar da ta sauka har idon sawu ba ta da hannu, mai hannu kuma ta tsaya a gwiwa, wadda ta haɗa biyun kuwa kuɗinta ya kai cefanen mako guda. Sannan ga lamba. Babu mai auna ki, lamba ce a wuyan riga: 10, 12, 14, 16. A wannan kanti 12 ta shige ni, a na kusa da shi 14 ta ƙi wuce kwankwasona. In ta yi daidai a ƙugu sai kafaɗa ta zubo. Wallahi akwai ranar da na zauna a ɗakin gwaji na yi hawaye, ina ganin kamar halittata ce ba daidai ba. Sai daga baya na karanta cewa ɗaya daga cikin manyan awon da aka fara gina irin waɗannan lambobi a kansa, a Amurka aka yi shi wajen 1939 zuwa 1940, inda aka auna mata kimanin 15,000, aka kuma fitar da sakamako da awon fararen fata kaɗai. To kin ji. Ba a auna irina ba, ina dalilin da zan zargi jikina?

Ana nan sai wata matar ɗalibi ta kai ni wani ƙaton kanti a tsakiyar gari, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Doguwar riga mai hannu fam 5 kacal! Na ɗebi huɗu, mako na zagayowa na koma na ƙaro. Da dare na buga wa Inna waya ina ɗoki. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Har da yadin da ɗinkin duka?" Na ce, "Duka, Inna." Ta ce, "To shi mai ɗinkin nawa aka ba shi?" Na yi dariya na ce, "Kai Inna, ina ruwana, ni dai na yi ciniki."

Ba a yi wata shida ba, ranar 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza ya rufta a garin Savar, kusa da Daka babban birnin Bangaladash. Masana'antun ɗinki ne a ciki, masu yi wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Mutum fiye da 1,100 suka rasu, wajen 2,500 suka ji rauni, akasarin ma'aikatan kuwa mata ne kamar ni da ke. Abin da ya fi ciwo, tun jajibiri an ga bango ya tsage, amma aka ce su koma bakin keke. Na tashi na buɗe durowa na duba 'yar takardar da ke wuyan rigunana. Uku daga ciki a Bangaladash aka ɗinka su. Ban ce daga wannan bene suka fito ba, amma tambayar Inna ta dawo ta tsaya mini a maƙogwaro.

Abin kunyar shi ne, ni ce ya kamata in fi kowa sanin amsar. Mahaifina manomin rani ne. Kowace shekara yakan kama fili a wajen Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudanai ya shayar da gonakin Kura da Kadawa, ya shuka tumatir. Na san watannin da yake fita cikin hunturu tun asuba yana ban ruwa. Na kuma san lokacin da kaya kan yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi warwas, har wani kwandon ba ya mayar da kuɗin tsinka da na mota. Tumatir ba ya jiran kasuwa ta gyaru, ko ka sallama ko ya ruɓe. A ranar da matan birni suke murna cewa kayan miya sun yi araha, a ranar Baba yake dawowa gida ba ya iya haɗa ido da kowa. Ashe araha ba daga sama take faɗowa ba. Duk inda kika ga abu ya yi ƙasa da wahalarsa, akwai wanda ya cika gibin da guminsa.

To amma in tsaya a nan ban yi adalci ba, domin maganar tana da wata fuskar. Muna da maƙwabciya, dattijuwa 'yar Bangaladash, mai keken ɗinki a ɗakinta. Na je mata jaje, na ce ni kam na daina sayen kayan ƙasarsu. Sai ta girgiza kai ta ce, "'Yata, in kun daina saye duka, 'ya'yan ƙannena da me za su ci abinci? Ba su ce kada a ba su aiki ba, cewa suka yi a biya su, kada kuma rufi ya faɗo musu." Na rasa ta cewa. Haka Baba ma, bai taɓa fatan a daina sayen tumatir ba. Bugu da ƙari, matar da fam 5 ce kaɗai a hannunta, ga sanyi yana neman illata ta, wa zai ce ta yi laifi don ta rufe jikinta? Ba sata ta yi ba, an sa kuɗi ta biya.

Ni ba malama ba ce, ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da na fahimta kawai shi ne araha iri biyu ce. Akwai ta buƙata, akwai ta haɗama. Riga ta farko da na saya buƙata ce. Amma sauran bakwai fa? Ba don sanyi na saye su ba, don dai sun yi araha ne. Biyu ma ban taɓa sa su ba, uku kuma wanki kaɗan suka sha suka saki. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuma na ƙara da cewa ba ta da ƙoshi. Haɗamar irina, sau miliyoyi, ita take sa kanti ya matsa wa masana'anta, masana'anta ta matsa wa yarinyar da ke kan keke.

Daga nan na sauya hali. Na rubuta awon jikina a takarda ina yawo da ita, na daina yarda da lamba. Na rage girman kai na shiga kantunan ƙungiyoyin agaji masu sayar da kayan da aka sa aka bayar, wato dai gwanjo, irin wanda ake ɗaurewa dila-dila a turo ƙasashenmu, mu je Ƙofar Wambai muna zaɓe. A can na sami rigar sanyi mai nauyi da ta kai ni har muka dawo. In na ga riga mai kyan yadi, sai in ɗauki wadda ta fi ni girma in kai wa dattijuwar nan ta rage, domin ragi ya fi ƙari sauƙi. Wani lokaci in sayo yadi a kasuwar Longsight ta ɗinka mini, in biya ta abin da ta faɗa. Kayana suka ragu, amma kowanne ya zauna mini.

Sai dai babban darasin a gida ya jira ni. Da muka dawo a 2015 na kai ɗinkin Sallah wajen maɗinkiyarmu ta da. Tana faɗin kuɗi sai na ji bakina ya riga ni, "Haba Yaya, ɗan wannan ɗinkin?" Nan take na ji kunya ta rufe ni. Ni da na yi kukan maɗinkan Bangaladash da ban taɓa gani ba, ga tawa a gabana, idonta ya fara rauni saboda ɗinkin dare, ina neman tauye ta. Mu duba kanmu, mata. Sai mu sayi leshi mai tsada ba mu ce uffan ba, amma a kan kuɗin ɗinki mu kafe, mu karɓi kaya mu ce "sai an kwana biyu", Sallah ta wuce, wata Sallar ta zo ba mu biya ba.

Masana'antun ƙetare sun fi ƙarfina, 'yar uwa, sun fi naki. Amma tela da mai wanki da mai kitso da yarinyar da ke kawo miki kayan miya ba su fi ƙarfinmu ba. Ki yi tayi, ciniki halal ne. Sai dai in kin ga an sallama miki don dole ba don an sami riba ba, ki tuna da tambayar Inna. Allah Ya suturta mu, Ya raba mu da haƙƙin wani, amin.