Baƙon Yini Ɗaya Da Haƙƙin Garin Da Ya Sauka

A gaɓar tekun ƙasar Meksiko ta gabas akwai wani tsibiri da ake kira Kozumel. Mazaunansa ba su kai dubu ɗari ba, amma a shekarar 2019 kaɗai mutum fiye da miliyan huɗu suka taka ƙasarsa daga cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda akasarinsu ke tasowa daga tashoshin Amurka irin su Mayami. Kowane ɗaya daga cikin jiragen nan gari ne sukutum a bisa ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kantuna da wuraren wanka. Wani daga cikinsu mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024, yana iya ɗaukar fasinja sama da dubu bakwai, ban da ma'aikata fiye da dubu biyu. Jirgi yakan tsaya da hantsi, jama'a su kwararo cikin gari kamar fari, su sayi tsaraba, su yi wanka a bakin teku, su ɗauki hotuna. Kafin faɗuwar rana sai ƙaho ya busa, kowa ya koma ciki, wanda ya makara kuwa a bar shi nan. Gobe jirgin yana wani gari, garin kuma yana da wasu baƙin.

Mai karatu da ke zaune a Geza, ko a wani gari na ƙasar Bagudo, yana iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? To, ai irin wannan baƙo ba sabo ba ne a wurinsa. Ta ƙasar Bagudo Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, wajen Lolo, bayan ya raba Jamhuriyar Binin da ta Nijar. Tun kaka da kakanni kwale-kwale ke kai mutane kasuwannin bakin kogi suna komo da su, su sauka da safe da shinkafa ko albasa ko busasshen kifi, su tashi da la'asar. Mutanen wannan yanki sukan ƙetara iyaka ta Tsamiya zuwa Segbana, wasu su kai har babbar kasuwar Malanbil, su sayar da naira ko sefa, su kwana a gida. Bambancin bai wuce cewa wancan ya zo da kamara a wuya, wannan ya zo da buhu a ka ba. Dukansu biyu baƙin yini ɗaya ne, kuma tambaya ɗaya ta hau kansu: mutumin da ya sauka gari na 'yan sa'o'i, ya san ba zai kwana ba, babu wanda ya san sunan ubansa, watakila ma ba zai sake dawowa ba har abada, shin akwai abin da garin nan ke bin sa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce babu. Ya biya kuɗin jirgi, ya biya kuɗin abin da ya saya, kowa ya kama gabansa. Har ma akan ƙara da cewa gari ne ya kamata ya yi godiya, tun da shi ya kawo ciniki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen nan a watan Maris na 2020, suka yi fiye da shekara ba su zo ba, mutanen Kozumel sun ɗanɗana kuɗarsu, kamar yadda garuruwan iyaka suka ɗanɗana sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019. Garin da ke ci da baƙo ya san darajar baƙo. Sai dai kuɗi abin da aka sa wa farashi kaɗai yake biya, alhali kuwa yawancin abin da ɗan Adam ke ɗauka daga gari ba a sa masa farashi ba.

Malaman fiƙihu sun yi wa matafiyi kyakkyawan duba, kuma a cikin abin da suka tsara akwai abin lura ga wannan mas'ala. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, wanda ya yi tafiyar mil arba'in da takwas yana yin ƙasaru, watau ya mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, kuma ba ya fita daga hukuncin matafiyi sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu. An yarje masa ya sha azumi ya rama. An ba shi rabo a cikin zakka idan guzurinsa ya yanke, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. An ɗora wa masu gida liyafarsa har kwana uku. Duk wannan sauƙi ne a kan sauƙi. Amma a bincika babin ciniki, da babin bashi, da babin amana, da babin shaida, ba za a sami wuri ɗaya da aka ce matafiyi ya rage mudu, ko ya biya rabin bashi, ko ya faɗi rabin gaskiya, domin yana kan hanya ba. An yi masa rangwame a cikin abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa, ba a rage masa ko ƙwayar zarra ba a cikin abin da ke tsakaninsa da mutane.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A garinsu mutum ɗaure yake da igiyoyi masu yawa: surukai na kallonsa, maƙwabta na ji, mai unguwa ya san gidansu, 'ya'yansa za su nemi aure gobe. Sau da yawa abin da ake yaba wa da sunan kirki, kunya ce kawai da tsoron bakin jama'a. Ranar da ya sauka inda ba a san shi ba, igiyoyin nan duk sun kwance, sai abin da ke cikin ƙirjinsa ya rage. Masana harshen Larabci sun lura cewa kalmar safar, watau tafiya, asalinta ɗaya da kalmar yaye lulluɓi, suka ce an kira ta haka ne domin tana yaye halayen maza. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, da wani ya zo yana yabon wani a gabansa, ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya tare da shi, ko ya taɓa hulɗar kuɗi da shi. Da ya ce a'a, sai ya nuna masa cewa bai san mutumin ba tukuna. Saboda haka yinin nan guda da baƙo ke ɗauka kamar ba ya cikin lissafin rayuwarsa, shi ne ma ya fi sauran kwanakin nuna ko shi wane ne.

A dubi abin da ke faruwa a zahiri. Attajirin da ba ya taya kaya a babban kanti na garinsu, idan ya sauka bakin teku sai ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa mai saƙa a kan abin da bai kai kuɗin shayinsa ba, ya koma jirgi yana alfahari ya yi wayo. Haka ɗan kasuwar da ya karɓi kwandon kifi a hannun masunci a kan zai biya kasuwa mai zuwa, ya san a ransa kasuwa mai zuwa yana wani gefen kogi. Haka wanda ya cika buhun shinkafa da tsakuwa a ƙasa, ya dogara ga cewa kafin a zazzage kwale-kwale ya yi nisa. Sa'an nan akwai haƙƙin ido, wanda mutane ba su cika ƙirga shi ba. Mai ɗaukar hoton matan mutane a bakin rafi, ko yaran da ba su da riga, ba tare da ya nemi izini ba, ya ɗauki abin da ba nasa ba, kuma a wannan zamani na wayar hannu hoton yakan kai inda mai shi ba zai taɓa kaiwa ba. Ba Bature kaɗai ke yin wannan ba. Ɗan birni da ya zo ƙauye biki yana yi.

Wannan kogi na Kwara ya taɓa ganin baƙon da ya ɗauki ra'ayin cewa mai wucewa ba a bin sa kome, kuma ƙarshensa sananne ne. A watan Nuwamba na 1805 Mungo Park ya taso daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, a cikin wani jirgi da ya haɗa ya sa wa suna Joliba, da nufin ya bi kogin har inda ya ƙare. Saboda wuyar da ya sha a tafiyarsa ta farko, sai ya ƙudura ba zai riƙa sauka ba. Ya wuce mashigar Tumbutu bai shiga garin ba, bai tsaya ya biya abin da masu iko da mashigai suka saba karɓa ba, kwale-kwalen da suka matso kuwa aka buɗe musu wuta. A haka ya yi tafiyar kimanin mil dubu, ya ratsa ta gaban Illo, ya kai Yawuri, daga nan ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806, wurin da ruwan madatsar Kainji ya rufe tun 1968. Abin da ya fi mutuwarsa zama abin tunani shi ne abin da ya bari a baya. Kusan shekara hamsin bayan haka, Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya bi gaɓar kogin gabas da Tumbutu a 1854, ya iske mutane ba su manta da jirgin da ya wuce yana harbi ba, kuma zargin da wancan ya shuka ya hau kan waɗanda suka biyo baya. Baƙo yana zaton shi kaɗai ne, alhali jakadan duk wani baƙo ne da zai zo bayansa. Shi Barth da ya sauka, ya zauna da malamai, ya yi magana da su da Larabci da Hausa, a Gwandu aka ba shi aron littafin Tarikhus Sudan a 1853.

Akwai kuma bashin da ke biyo mutum bayan ya koma gida, watau labarin da zai bayar. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya yi sa'a shida a titi ɗaya na bakin tasha, inda aka jera kantuna musamman dominsa, bai ga Meksiko ba. Ya ga abin da aka shirya masa ne ya gani. Amma zai koma ya ce mutanen ƙasar kaza ɓarayi ne, ko malalata ne, domin direba ɗaya ya cuce shi. Haka wanda ya ci kasuwa sau ɗaya a hayin kogi ya dawo yana yanke wa Zabarmawa ko Dandawa ko Fulani hukunci gaba ɗaya. Ko babban matafiyi kamar Ibn Baɗuɗa bai tsira daga wannan ba. Da ya isa Walata a 1352, aka karrama shi da ɗan abin sha na gero da zuma da nono, sai ya raina liyafar har ya yi da-na-sanin zuwa, ya yi wa jama'a duka mummunan zato a kan ƙwarya ɗaya. Da ya daɗe a ƙasar Mali sai ga shi da kansa yana yabon adalcinsu da zaman lafiyar hanyoyinsu da tsare sallarsu. Labarin matafiyi shaida ce a kan mutanen da ba su nan balle su kare kansu, kuma sharaɗin shaida shi ne kada ta wuce abin da ido ya gani.

Adalci kuma ya wajabta a juya ga ɗan gari, domin jarrabawar da ta sami baƙo ita ta same shi. Shi ma ya san wannan fuska ba za ta dawo ba, sai ya ninka farashi sau uku, ya ba da canji da tsohuwar takarda, ya ce guzuri ne Allah ya kawo. Malamai sun hana tarbar ayari a bayan gari a saye kayansu tun ba su san farashin kasuwa ba, kuma Malikiyya sun ba mai sayen da ya miƙa wuya ga mai sayarwa, ya ce a sayar masa yadda ake sayar wa kowa, damar ya warware cinikin idan ta bayyana an zalunce shi. 'Yan tare da ke tsayawa a mashaya suna fizgar buhu tun kwale-kwale bai gama tsayawa ba, su duba inda suka faɗa a cikin wannan hukunci. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, jama'a suka koma ƙetarawa ta ruwa, masu jirage sun sami kasuwa, kuma a irin wannan rana ta matsuwa ake gane mai neman halali da mai cin gumin wanda ba shi da zaɓi.

Hukumar Meksiko ta yi ƙoƙarin mayar da wani ɓangare na wannan bashi lissafi. A ƙarshen 2024 majalisarta ta amince a karɓi dala 42 a kan kowane fasinjan jirgin shaƙatawa, tun da suna cin moriyar ƙasa ba su kwana a masaukanta ba. Kamfanonin jirage suka yi ca, aka yi ta ja, daga bisani aka daidaita a kan dala 5 daga watan Yuli na 2025, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Haraji yana iya gyara titi da kwashe shara. Masuncin da aka tafi da kwandon kifinsa kuwa, har yanzu yana zuwa mashaya kowace ranar kasuwa, yana duban fuskokin masu sauka ɗaya bayan ɗaya.