Da Wane Haƙƙi Muke Kulle Zaki?

Tambayoyi biyu ne ke tasowa duk lokacin da zancen gidan zu ya faɗo a majalisarmu ta bayan La'asar, nan Diobu a Fatakwal. Ta farko ta malamai ce: ya halatta a kama dabbar da Allah ya halitta don daji, a tsare ta a keji har ta mutu? Ta biyu ta 'yan kasuwa ce: a ƙasar da ɗan Adam ke kwana da yunwa, da wace hujja gwamnati za ta ɗebi kuɗin jama'a ta sayi nama ta ba zaki, ta kuma biya wani albashi don ya tsaya gaban keji yana yi wa yara bayani? Ni malamin Islamiyya ne, ɗan mahauci, haifaffen kudu, kuma a ganina tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce.

Gidan zu na Fatakwal yana Trans-Amadi, ba nisa da tsohuwar kwatar da iyayenmu suka yi fawa. Gwamna Alfred Diete-Spiff ne ya kafa shi a 1974, shekara huɗu kacal bayan ƙare yaƙin basasa. A daidai wannan zamanin ne Audu Bako ya gina na Kano. Mutanen nan biyu ba su rasa asibitoci da tituna da za su gina ba, amma sun ɗauki nuna wa yaro halittun ƙasarsa a matsayin aikin hukuma. Inugu ma ta taɓa samun nata. Yau filin ya koma rukunin gidajen masu hali, sunan kawai ya rage, ana ce masa Zoo Estate.

Mu fara da shari'a. Musulunci bai hana tsare dabba baki ɗaya ba. Ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) ya sani bai hana ba, har yakan tambayi yaron labarinsa. Daga nan malamai suka ciro halaccin ajiye tsuntsu. Amma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa yana nan: ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Malaman Malikiyya sun ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya ƙi, alƙali ya tilasta shi, ko a raba shi da ita. To idan gwamnati ce mai zakin, wannan hukuncin ya hau kanta. Na taɓa shiga gidan zu a wani gari na tarar da kura haƙarƙarinta a waje, kwanon ruwanta a bushe, yara suna jifanta don ta motsa. Wannan ba ya buƙatar dogon nazari, zalunci ne, kuma da kuɗinmu ake yin sa.

Sai dai ciyarwa kaɗai ba ta wanke mu. Saniyar da muka ɗaure, nono muke so. Jaki kaya yake ɗauka mana. Shi zaki fa, da muka raba shi da dawa da farauta da danginsa, me muke nema a wurinsa? Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Wanda ya fitar da ɗan wata al'umma daga cikin 'yan'uwansa dole ya zo da dalili mai nauyi. Ɗaukar hoto ranar Sallah bai kai wannan nauyin ba. Dalilai biyu nake gani za su iya tsayawa gaban Allah: a ceci irin da ke shirin ƙarewa, da kuma a ilmantar da mutane don su daina ƙarar da sauran da ke daji. Alƙur'ani ya yi mana umarni mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi, kuma duban da ake nufi na tunani ne. Saboda haka mutumin nan mai bayani a gaban keji, wanda 'yan kasuwa ke ganin albashinsa asara ce, shi ne hujjar kejin. In aka cire shi, abin da ya rage kurkuku ne na wanda bai yi laifi ba.

Mu Hausawan kudu maganar ta fi shafar mu, don hannunmu dumu-dumu yake cikin harkar dabba. Masu tarihin zuwan Musulunci wannan yanki sun rubuta cewa cikin Hausawan farko da suka zauna a Elele, nan jihar Ribas, a ƙarshen ƙarni na 19, akwai maharba giwa. A lokacin giwa tana ɓarna a gonaki, haurenta kuma kuɗi ne. Ba na zargin su, sun yi aikin zamaninsu. Amma yau giwayen da suka rage a duk Nijeriya ba su kai 500 ba, kuma a watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, a Abuja. Ka zaga bakin kasuwanni a Anacha ko Inugu, za ka ga ɗan'uwanmu mai maganin gargajiya ya baza fatar mesa, ƙoƙon kan biri, ƙayar beguwa da kwalbar man ayu. Ka ga masu wasa da kura sun biyo titi da ita cikin sarƙa da takunkumi. Akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, amma da yawansu ba su taɓa jin ta ba, balle a faɗa musu dalilinta da harshen da suke ji.

Ungulu ta isa misali. Wani dattijon mahauci, abokin mahaifina, ya ce mini: "Malam, da can sai mun kore su da sanda kafin mu gama fiɗa. Yanzu in ka ga ɗaya, sai ka kira yara su zo kallo." Gaskiya ya faɗa. Tun 2015 aka sa ungulun kwata cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma har da sayar da kanta da ƙwanta ga masu tsibbu. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya ce kuɗin lafiya daban, kuɗin sanin dabbobi daban, ya dubi wannan.

Me ya sa sai kuɗin gwamnati? Don gidan zu da ya dogara da kuɗin ƙofa zai bi abin da ke kawo cinkoso ne: lilo, kiɗa, da bukukuwan Sallah da Kirsimeti. Darasi ba ya kawo ciniki, ɗan talaka kuma ba ya iya biya. Irin wannan amfani na kowa da kowa, wanda ba mai cin ribarsa shi kaɗai, shugaba ne ke ɗaukar nauyinsa tun asali. Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, don dabbobin da ke hannun hukuma. A ƙasar Hausa ma sarakuna sun tsare hurumi da burtali, ba wanda ya isa ya noma su.

Kuma koyarwa tana aiki. A Akpugoeze ta jihar Inugu akwai wani irin biri da babu shi a ko'ina a duniya sai Nijeriya, yana yawo cikin gari ba mai taɓa shi, don tun yaro yana ƙarami aka hore shi a kan haka. A yankin Idemili, kusa da Anacha, duk Bahaushen da ya zauna ya san ba a kashe mesa. Aƙidarsu daban da tamu, amma sakamakon a bayyane yake: abin da aka koya wa yaro ya girmama, ba ya kashe shi in ya girma. A Kure ta Jamhuriyar Nijar kuwa, inda mazauna Musulmi ne, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996. Da hukuma ta hana farauta, aka zauna da manoma, aka horar da 'ya'yansu su zama masu yi wa baƙi jagora, sun haura 600.

Ban ce a fifita zaki a kan jariri ba. Ran ɗan Adam yana gaba, kuma jihar da ba ta iya ciyar da dabbobinta, ta miƙa su inda za a kula da su ta rufe ƙofa, hakan ya fi mata sauƙin hisabi. Amma wadda ta zaɓi ta riƙe su, wajibi ne ta cika sharuɗɗan: abinci, likitan dabbobi, fili mai yalwa, malamai masu albashi, alluna da Hausa da Ibo da Ikwere da Turanci, da ranar shiga kyauta ga makarantun gwamnati da na Islamiyya. Malaman kuma su fito su iske mahauta a kwata, masu magani a rumfunansu.

Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, don haka sa baki a harkar waɗannan birane ba sabon abu ba ne gare mu. Ina kira ga sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu su kai wannan buƙata gaban gwamnatocin jihohinsu a rubuce. Limamai su ware huɗuba guda a kan haƙƙin dabba. Mu malaman Islamiyya mu kai ɗalibanmu da kanmu, mu hana su jifa, mu karanta musu hukuncin a gaban kejin. Allah zai tambaye mu a kan abin da muka kulle, ya kamata mu tanadi amsa tun yanzu.