Ko Ɓarna Ce A Jefar Da Bel Ɗin Da Bai Tsinke Ba?

Maganar da mu ka kawo muku a wannan fitowa ƙarama ce a ido, gama abin da a ke jayayya a kansa ɗamarar roba ce kurum, wadda yaro zai iya ratayowa a wuya daga kasuwa. Amma jayayyar ta kan shiga tsakanin uba da ɗa, da tsakanin mai mota da direbansa, don haka mu ka ga ya kamata a zauna a auna ta.

Kowa ya sani yawancin motocin da ke zangunanmu na ƙasar Gana sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar Tema, kuɗin makaniki kuwa ba kullum a ke da shi ba. Saboda haka mutum ya kan tafi Magazin na Suwame a Kumasi, ko Abossey Okai a Ankara, ya sayo kaya, ya dawo ƙofar gida ya tuɓe riga ya ɗaura da kansa, ƙannensa na miƙa masa sifana. Wannan abin yabo ne. To, amma ga tambaya: idan bel na aiki, bai tsinke ba, mai mota ya cire shi ya jefar ya sa sabo, tattali ya yi ko ɓarna?

Kafin a yanke hukunci sai a san bel ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne fanbel, wanda kowa ke gani da an ɗaga bonet. A tsofaffin motoci shi ke juya fanka, da famfon da ke zagaya da ruwan lagireto, da altanetar da ke cika batir. Wani Ba'amurke mai suna John Gates ne ya ƙago irinsa mai tsinin ciki a garin Denver cikin 1917, don ya zauna daram a kwarmin fuli. Shi fanbel ba ya mutuwa a ɓoye. In ya tsufa sai ya tsattsage, gefensa ya yi santsi, ya riƙa ƙara da safe in an tada mota. In ya tsinke kuwa jar fitilar batir ta kama, allurar zafi ta hau. Gwajinsa ma da babban yatsa a ke yi: a danna shi tsakanin fuli biyu, in ya lotsa kamar rabin inci, to ya yi daidai. In an ɗaure shi fiye da kima sai ya cinye boris na famfo da na altaneta.

Na biyu shi ne taimin bel, mai haƙora, wanda ke ɓoye bayan murfi. Aikinsa ya haɗa karanshaf, watau sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, watau sandar da ke buɗe bawul ta rufe. Duk juyi biyu na ta ƙasa, ta sama juyi ɗaya za ta yi, ba ƙari ba ragi. Iyayenmu da su ka tuƙa Fijo 404 da 504 masu shan fetur ba su san shi ba, gama sarƙa ce ke wannan aiki a injinansu, ita kuwa sarƙa ta kan yi ƙarar ƙarfe in ta saki. Sai a 1962 kamfanin Glas na ƙasar Jamus ya fara fito da motoci da yawa masu irin wannan bel, sa'an nan ya bazu cikin shekarun 1970 da 1980. Shi ba ya kuka. A injuna da yawa, ran da ya tsinke bawul su kan tsaya a buɗe, fistin ya taso ya nushe su ya lanƙwasa, sai an sauke kan injin gaba ɗaya. Don haka masu ƙera mota su ka yanka masa wa'adi, galibi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 a tsofaffin motoci, ko shekara huɗu zuwa biyar, duk wanda ya riga cika.

Yanzu sai mu ji ta bakin dattawa. Su kan ce abin da ke aiki ba a jefar da shi, mai sayar da kaya kuwa kullum so ya ke a saya. Ba su faɗi haka don rowa ba. Su ne su ka ga zamanin kalabule, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa yunwar 1983, lokacin da kayan mota su ka yi wuyar samu a ƙasar nan, mota ta kwana watanni kan duwatsu saboda ɗan ƙarfe guda. Da ba don sun iya lallaɓa tsohon abu ba, da lori ko ɗaya bai kai goro da doya kasuwa ba. A kan fanbel kuwa muna tare da su. Tun da ido na ganinsa, kunne na jinsa, ana iya barinsa har ya nuna gajiya, muddin akwai sabo ajiye a but da sifanar ɗaura shi, direba kuma ya san ya tsaya nan take in zafi ya hau.

Amma wannan ƙa'ida tasu tana da ƙafa ɗaya da ta ke tsaye a kanta, watau abu ya ba da sanarwa kafin ya lalace. Taimin bel ba ya bayarwa. Bayansa ya kan yi kyau alhali zaren cikinsa ya ruɓe, ko gindin haƙoransa ya tsage. Ga shi kuma agogon tafiya na motar da ta bi hannu uku ko huɗu ba abin dogara ba ne. Mai cewa "ai yana aiki" gaskiya ya faɗa game da jiya da yau, amma bai san kome game da gobe ba. Wanda ya jira sai ya ga alama a wurin da ba alama, kacici-kacici ya ke yi da injinsa.

To, in mutum ya ce motarsa ce, injinsa ne, in ya lalace shi zai biya, me za mu ce masa? A nan ne maganar ta bar hannun makanikai ta zama ta kowa. A zango ba motar da ke ta mutum ɗaya. Ita ce tasin da wani magidanci ke tuƙawa yana kawo balas kullum, in ta kwanta mako biyu tukunyar gidansa ta kwanta tare da ita. Ita ce a ke buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tsananta wa matar maƙwabci. Ita ce a ke cikawa da tsofaffi da yara a tafi biki Tamale. Ran da bel ya tsinke injin mutuwa ya ke yi nan take, a motoci da yawa kuma sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri bayan an taka sau ɗaya ko biyu. Ku auna wannan a gangare, da dare, tsakanin Techiman da Kintampo, babbar mota na tafe a baya. Kuɗin da a ka ƙi kashewa ya zauna a aljihun mutum ɗaya, hatsarin kuwa an raba shi ga mutane biyar waɗanda ba a yi shawara da su ba. Tattali na gaskiya shi ne mutum ya tsuke wa kansa. In ya tsuke ne ta hanyar ɗora wa wani kaya bai sani ba, wannan bashi ne ya ci da sunan wani.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma tsautsayi shi ne abin da ya zo ba a san da zuwansa ba. Abin da a ka rubuta wa'adinsa a littafin mota, mai ita ya sani ya kau da kai, sunansa sakaci. Wani kuma zai ce ba shi da kuɗi, wannan uzuri ne mai ƙarfi, ba ma raina shi. Amma rashi na ba mutum damar jinkirta gyara ne kaɗai, bai ba shi damar ɓoye magana ba. Sai ya gaya wa direbansa wa'adin bel ya wuce, ya hana motar doguwar tafiya, ya riƙa zuba susu don ita kamar yadda ya ke zubawa don sallah. Wanda ya shiga motar bayan ya ji, da idonsa buɗe ya shiga.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mun san masu goga wa fanbel sabulu ko kyandir ran da mai saye zai zo, don ƙarar ta ɗauke na yini guda. Sabulu ba ya gyara bel, bakinsa ya ke toshewa. Mun san kuma masu cewa "an sake taimin bel bara" don sun tabbata ba mai buɗe murfi ya duba. Wurin da ba a iya dubawa nan ne maganar mutum ta ke zama ita kaɗai ce shaida, wanda ya yi ƙarya a nan ya ci amana tsantsa. Haka mai sayo bel na hannu don ya fi araha. Ƙofa ta hannu ko gilashi ba laifi, gama ido na tantance su. Bel na hannu kuwa ba wanda ya san shekarunsa.

Samari kuma kada ku ce mun ba ku gaskiya duka. Sake bel bai isa ba sai an iya. Kun kalli hoton bidiyo a waya kun ga an gama cikin minti goma, amma in haƙori ɗaya ya goce daga alama injin ba zai yi daidai ba, in su ka yi yawa kuwa ku da hannunku za ku jawo ɓarnar da ku ke gudu, a yi gyaran gangar Auzinawa. Wanda zai taɓa taimin bel sai ya cire wayar batir tukuna, ya daidaita alamomi kafin ya cire tsohon, ya sake fulin da ke matse shi, ya duba famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, ya toshe duk inda baƙin mai ke yoyo, gama mai na cin roba. In ya gama kuma ya juya injin da hannu sau biyu cur, ya ga alamomi sun komo wurinsu, kana ya sa makulli. Wanda bai taɓa yi a gaban masta ba, ya kira masta ya biya shi ya tsaya yana kallo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amsarmu ke nan. Abin da ke nuna gajiyarsa a lallaɓa shi har ya nuna, yadda iyayenmu su ka koya mana. Abin da ke mutuwa shiru, rayukan wasu kuma na rataye da shi, a cire shi ran da wa'adinsa ya cika ko da yana ƙyalli, ba ɓarna a ciki. Muna kuma roƙon duk wanda ya sake taimin bel, a gida ko a gareji, ya ɗauki farin fenti ya rubuta kwanan wata da yawan kilomita a jikin murfin. Ba zai ci masa ko sidi ɗaya ba, direbansa zai gani, wanda zai sayi motar bayansa ma zai gani. Mastocin da ke cikinmu kuwa su daure su ware rana ɗaya su nuna wa yaranmu yadda a ke daidaita alama.