Bulala da Tukunya: Shin Ya Dace Tsoro Ya Zama Malami?

Duk wanda ya karanci fannin ilimi a cikinmu, ko a Jami'ar Abuja ko a Kwalejin Ilimi ta Zuba, ya haddace sunayen Pavlov da Skinner da Piaget da Vygotsky da Bandura. Mukan zuba ra'o'insu a takardar jarrabawa mu ci maki, amma ranar da aka tura mu gwajin koyarwa a wata firamare, abin da idonmu yake fara nema a kan teburin malami shi ne bulala. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: idan har tsoro yana sa yaro ya karanta, shin wannan ya isa hujjar tsorata shi?

Masu kare bulala sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wasu ma har su jingina da mazahabar da ke ganin koyo sauyin ɗabi'a ne wanda sakamako ke haifarwa. Gaskiya ne Pavlov ya saba wa karnuka zubar da yawu da jin wata ƙara, Skinner kuma ya horar da ɓeraye da tantabaru da ƙwayar abinci. Sai dai shi Skinner ɗin lada ya fifita. A ganinsa horo yana danne ɗabi'a ne na ɗan lokaci, da mai horon ya juya baya sai ta dawo. Ashe ke nan rabin ra'insa muka ɗauka, kuma rabin da shi kansa ya ƙi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gwajin da Albert Bandura ya yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1961. An sa yara sun kalli wani babba yana jibgar 'yartsanar roba, da aka bar su da ita sai suka kwaikwayi dukan. Wato malamin da ya tsula wa yaro bulala saboda ya kasa lissafi, darasi biyu ya koyar a lokaci guda. Lissafin yana iya zama, yana iya zubewa. Na biyun kuwa, cewa mai ƙarfi yana da ikon dukan marar ƙarfi, shi ne yaron zai kai gida ya gwada a kan ƙanensa. A nan maganar ta bar hannun masana halayyar ɗan'adam ta zama ta amana.

Ba sai mun je Turai neman wata hanya ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta koyi ginin tukunya tun tana ƙarama a garin Kwali, a gefen wata 'yar'uwarta babba, tana kallo tana taɓa yumɓu. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta ɗora sabuwar fasaha a kan wadda ta zo da ita. Abin da Vygotsky, wanda ya rasu tun 1934, ya bayyana ke nan: akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya fi shi ya kama masa, kuma a cikin tazarar nan koyarwa take. Maginiya ta san hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje ake tayar da yumɓu.

Za a ce mana maginiya ɗaliba ɗaya gare ta, shi kuwa malamin firamare a Nyanya ko Kuje aji ne maƙil a gabansa, ga zafi, ga ƙarancin littattafai. Wannan uzuri ne mai nauyi, ba mu raina shi ba. Amma makarantar allo, duk da ita ma ba ta rabu da dorina ba, ta daɗe da gano wata dabara: manyan almajirai su ke biya wa ƙanana karatu, malam yana zagayawa yana gyara. Malamin da ya raba ajinsa rukuni-rukuni, ya zaunar da wanda ya gane kusa da wanda bai gane ba, bai buƙaci ko kwabo daga hukumar ilimi ba, kuma zai sami sararin zama da yaran nan na bencin baya waɗanda bulala ta koya wa yin shiru.