Wa Ya Kamata Ya Rantse A Bakin Ƙofa?

A gidan rediyon da nake aiki muna da wani fili na ranar Juma'a da muke karanta sanarwar jama'a: suna, ɗaurin aure, rasuwa, cigiyar yaro, wani lokaci har neman taimakon kuɗin asibiti. Da, sai mutum ya hau mota ya kawo takardarsa da hannu. Da muka buɗe fom a shafinmu na intanet sai aka huta. Kana zaune a Aboabo ko Kwadaso za ka cika ka aiko.

Hutun bai daɗe ba. Wata safiya na buɗe akwatin na tarar da saƙonni rututu, tallan caca ne da maganin ƙarfin maza da alkawarin biza, wasu ma da harsunan da ban iya karantawa ba. Ba mutane suka rubuto su ba. Wasu manhajoji ne da ake kira bot, masu yawo a intanet dare da rana, duk fom ɗin da suka gani a buɗe su zuba masa shara. A tsakiyar wannan juji wata sanarwar jana'iza ta ɓace mini, ban gan ta ba sai bayan an yi sadakar uku.

Yaron da ke kula mana da shafi ya ce, "Yaya, magani sauƙi gare shi, CAPTCHA za mu sa." Ita ce jarrabawar nan da ake ce maka ka tabbatar kai ba na'ura ba ne. Wasu masana na jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ne suka raɗa mata sunan a farkon shekarun 2000, cikinsu har da Luis von Ahn, ɗan ƙasar Guwatemala. Alan Turing ya yi tambaya a 1950 ko na'ura za ta iya hira har a ɗauka mutum ce. Su kuma suka juya tambayar: yanzu na'ura ce alƙali, mutum ne ke kare kansa. Aka sa, shara ta ɗauke cak, na yi wa yaron godiya har da sayen waake.

Bayan mako biyu wani dattijo, tsohon direba da ke zama kusa da tashar Sofoline, ya tare ni. Idonsa ya yi rauni, wayarsa kuma gilashinta ya tsage. Ya ce, "Ɗana, me na yi muku? Na zo in sanar da auren jikata, sai aka jera mini hotuna wai in nuna famfon kashe gobara. Na nuna, aka ce ban daidai ba. Sau huɗu. Ni da na yi shekara arba'in a kan hanyar Sunyani, yau wata aba ce za ta ce mini ban cika mutum ba?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

Famfon da ake nuna masa irin na titunan Amurka ne, haka ma doguwar motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa. An auna mutuntakarsa da idon saurayi da kuma titin da bai taɓa takawa ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Mai laifi yana can wata ƙasa, bai san da zamanmu ba, bai yi asarar ko kwabo ba. Wanda aka tsare a ƙofa aka ce ya rantse shi ne mai gaskiya. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, amma ba a ce a hukunta sauran waken ba.

Mu mutanen zango bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Sunan unguwanninmu ma daga masaukin fatake ya samo asali, masu zuwa ƙasar Tonawa neman goro. Maigida kan sauki baƙon da bai taɓa gani ba, ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki. Akwai waɗanda suka ci amana, amma ba a rufe zaure ba. Kakanninmu kuma sun ɗanɗani ɗaya ɓangaren. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana, har waɗanda aka haifa a nan suka shiga neman hujjar cewa su 'yan gida ne. Ba ina kwatanta akwatin danna hoto da wancan tashin hankali ba, nisan ya yi yawa. Ina dai cewa mun san ɗacin a ce maka kawo shaida alhali ba ka yi komai ba.

Sai dai in yi wa yaronmu adalci. Barin ƙofa a buɗe ma zalunci ne, iyalan mamacin nan da sanarwarsu ta nutse su ne shaida. Kyautata zato abu ne da ake yi wa mai rai, wanda ke jin kunya, wanda zai iya tuba. Bot ba ya jin kunya, ba ya gajiya, zai ƙwanƙwasa sau dubu kafin ka sha koko. Kyautata masa zato sakaci ne kawai. Saboda haka tsaro dole ne. Abin tambaya shi ne a wuyan wa za a rataya nauyinsa.

Shi kansa von Ahn abin ya dame shi. Ya yi lissafin cewa ana warware irin wannan jarrabawa kusan sau miliyan 200 kullum, kowace ta cinye daƙiƙa goma, wato sa'o'i dubu 500 na rayuwar mutane. Shi ya sa a 2007 ya fito da reCAPTCHA, inda a wancan lokacin kalmomin da ake kwafa suka riƙa taimakawa wajen mayar da tsofaffin littattafai da jaridu cikin kwamfuta. Google ya saye ta a 2009. Dabara ce mai kyau, ko da yake ba wanda ya tambaye mu ko mun yarda mu yi aikin kyauta. Abin takaici kuma, masu shara sukan ɗauki talakawa haya su riƙa warware musu jarrabawar a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai kuɗi ya wuce, dattijo ya tsaya.

Na koma wa yaron da maganar, ya ce akwai wasu hanyoyin. Ana iya ɓoye wani gurbi a cikin fom wanda idon mutum ba ya gani. Bot kuwa komai ya samu cikawa yake, da ya cika ya tona kansa. Ana iya duba lokaci, domin ba mahaluƙin da zai rubuta sanarwar aure cikin daƙiƙa biyu. Waɗannan sun fi mini, don tarkon na ɓarawo ne, baƙo bai ma san da shi ba. Amma su ma ba su kuɓuta ba. In an gina ɓoyayyen gurbin da ganganci, manhajar da ke karanta wa makaho shafi za ta karanto masa shi, ya cika, a jefar da saƙonsa ba tare da an gaya masa ba. In kuma aka ƙayyade yawan saƙon da zai fito daga layi guda, to mai shagon kwamfuta da ke cika wa unguwa guda fom shi za a fara ɗauka bot.

Muka cire hotunan, muka sa tarkon da agogon, muka rubuta lambar ofis a ƙasan fom. Shara ba ta ƙare ba. Kowace safiya nakan ɓata kamar minti goma ina sharewa da hannuna, wasu ranakun ina tsaki. Yaron yana ganin ɓata lokaci ne, ni kuma ina ganin gara mintunan su fita daga aljihun wanda ake biya albashi.

Auren jikar dattijon an riga an ɗaura ba tare da sanarwa ba. Na gaya masa an gyara, ya ce ya ji. Da aka yi suna a gidansa watan jiya, a takarda ya rubuto, ya ba wani ɗan acaɓa ya kawo.