Mazubi ba ya rufa wa kowa asiri

A shekarar 1953 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da motar Corvette, guda 300 kacal a wannan shekara, dukansu farare. Jikinta ba na ƙarfe ba ne, na faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani danƙo mai suna rezin, ya daskare ya yi tauri. Injin da ke matse farantin ƙarfe ya fitar da ƙofa ko bonet sai mai ƙera dubban motoci ke iya ɗaukar kuɗinsa. Ita kuwa faiba burushi da bokiti da haƙuri sun ishe ta. Shi ya sa tun daga lokacin mutane a Amurka da Ingila suke shiga garejin gidajensu suna ƙera wa motocinsu bamba da bonet yadda ransu ke so.

Wanda bai san aikin ba zai zaci wahalar tana wajen shimfiɗa zare da shafa rezin. Wannan aikin yini ɗaya ne. Wahalar tana can baya, a jikin wani abu da ba za a taɓa ɗaura wa mota ba. Kafin a yi bamba sai an sassaƙa samfurinta da katako ko soso mai tauri, a lulluɓe da bodi fila irin ta masu gyaran jikin mota, a shiga gurza. Ana farawa da samfefa mai kaushi, a koma mai laushi, a ƙare da wadda ake jiƙawa da ruwa, har samfurin ya yi sheƙi. Mai aikin yakan rufe ido ya bi jikinsa da tafin hannu, domin hannu na jin tudun da ido ya tsallake. Sai ya haska fitila daga gefe, inuwar wani ɗan rami ta bayyana, ya sake cikewa, ya sake gurzawa. Makonni kan tafi a haka.

Daga nan sai a shafe samfurin da kaki sau da yawa, ana gogewa tsakanin kowace shafa, don kada rezin ya kama shi. A kansa ake gina mazubi: fentin farko mai kauri, sannan zare hawa-hawa, ana danne kowane hawa da ɗan gare-gare don korar iskar da ta maƙale. Idan ya bushe aka ɓamɓare shi, abin da ke cikinsa shi ne fuskar samfurin a juye, ba ragi ba ƙari. Zanen samfefar da aka ce ƙarami ne yana nan. Gashin burushin da ya faɗa yana nan. Kowace bamba da za ta fito daga wannan mazubi da wannan tabo za ta fito, ta farko da ta hamsin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Tabon da minti goma za su gyara a jikin samfur, idan aka yi masa ganganci, sai an bi kowace bamba ɗaya bayan ɗaya ana cikewa ana gurzawa, muddin mazubin na aiki. Kuma a ƙarshe samfurin nan da ya ci makonni sau da yawa fashewa yake yi wajen cirewa, a jefar da shi. Mai sha'awar motar a kan titi ba zai taɓa sanin an yi shi ba. Mu kuwa mun saba zuba ƙarfinmu a inda ido zai gani, mu yi wa tushe aikin gaggawa. Malamin da ya ɗauki harafi a karkace daga nasa malamin, yara arba'in za su tashi daga gabansa da wannan karkata, kowannensu kuma wata rana zai zaunar da nasa ɗaliban. Wanda ya zauna ya gyara wa malamin bakinsa tun yana ɗalibi babu mai tuna sunansa, alhali aikinsa ne ke fita daga bakin ɗaruruwa. A ganina irin waɗannan mutane, masu koyar da masu koyarwa, masu duba littafi kafin a kai shi maɗaba'a, sun cancanci girmamawar da ba mu cika ba su ba.

Gaggawa a wannan sana'a tana da wata ƙofar kuma. Rezin ba ya daskarewa sai an ɗiga masa sinadarin da ke tayar da shi, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Mai son ya gama da wuri sai ya ƙara, rezin ya ɗau zafi a cikin kofi har ya yi hayaƙi, ya sandare kafin a kai shi kan zare. A rana mai zafi ragewa ma ake yi. Ga warinsa mai hawa kai, ga ƙurar zaren da ke sa ƙaiƙayi ta shiga huhu, don haka safar hannu da abin rufe hanci da buɗaɗɗen wuri dole ne.

Akwai masu neman hanyar tsallake samfur baki ɗaya. A 1964 Bruce Meyers, wani maƙerin kwale-kwale a Kalifoniya, ya ƙera 'yar motar hawa rairayi da ya kira Meyers Manx, jikin faiba da kayan Volkswagen. Ta yi farin jini, sai wasu suka riƙa sayen jiki ɗaya, su shafe shi da kaki, su ɗauki mazubi a kansa, su shiga sayarwa da araha. Ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, kamfaninsa ya rufe a 1971. Sai dai rezin yakan ɗan tsuke idan yana bushewa, saboda haka mazubin da aka ɗauka daga kwafi yakan fito da ɗan bambanci, wanda aka ɗauka daga kwafin kwafi ya fi shi karkacewa. Mai saye ba ya ganewa sai ranar ɗaurawa, lokacin da ramukan ƙusa suka ƙi haɗuwa da na firam, ya ɗauko abin huji yana faɗaɗa su.